Katantanwar Kalambaina ba hujjar rabuwar nahiyoyi ba ce

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ranku ya daɗe, shirinku na ilimi na daren Laraba ya ɓata mini rai. Baƙon ya ce katantanwar teku da ake tonowa a duwatsun siminti na Kalambaina ita ce shaidar cewa Afirka da Kudancin Amurka a haɗe suke a dā, mai gabatarwa kuma ya amsa da "haka ne". Ba haka ba ne, kuma ɗalibanmu na sakandare suna saurare, gobe su rubuta shi a jarrabawa.

Abin da katantanwar nan ke nunawa shi ne teku ta taɓa malalowa ta rufe yankin Sakkwato. Haka ma ƙasusuwan Goronyosaurus, katafaren ƙadangaren teku da aka sa wa sunan Goronyo. Duwatsun da suke ciki ba su wuce shekara miliyan 70 zuwa 55 ba, alhali Afirka ta gama rabuwa da Kudancin Amurka tun wajen shekara miliyan 100 da suka wuce. Yaya abin da ya zo bayan rabuwa zai zama shaidar haɗuwa? Balle ma halittar teku ce, ruwan gishiri hanyarta ne.

Kafin a kafa hujja da burbushin halitta, dole ta zama wadda ba ta iya ƙetare teku, a same ta iri ɗaya a ɓangarorin biyu, a cikin shimfiɗar dutse mai shekaru ɗaya. Wanda ya cika wannan shi ne Mesosaurus, kuma ko sunansa ba a ambata ba. Ɗan ƙadangaren ruwa ne mai tsawon mita ɗaya ko kusa da haka, bakinsa dogo, haƙoransa sirara kamar allura. Ya rayu a ruwa marar zurfi wajen shekara miliyan 280 da suka wuce. Ana samunsa a baƙin dutsen laka na Whitehill a Afirka ta Kudu da Namibiya, sai kuma a irinsa sak na Irati a Barazil. Yau fiye da kilomita 5,000 na tekun Atlantika ne tsakaninsu. Da a ce iyo ya yi ya ƙetare, da an gan shi a sauran gaɓoɓin duniya ma. Kamar fasasshiyar ƙwarya ce: ba bakin tsagar kaɗai ake dubawa ba, sai zanen da ke jikinta ya ci gaba daga wannan sakaina zuwa waccan.

Ga Lystrosaurus, dabbar tudu mai gajerun ƙafafu, a Afirka ta Kudu da Indiya, kuma a 1969 aka tono ta a Antatika. Ga tsiron Glossopteris mai ganye kamar harshe, wanda ƙwayarsa ta fi ƙarfin iska ta ɗauke ta zuwa wata nahiya, amma yana nahiyoyin kudu duka da Indiya. Da irin waɗannan Alfred Wegener, Bajamushe, ya kafa hujja a 1912, masana ba su karɓa ba sai a shekarun 1960.

In misali na gida baƙon ke nema, ai ga gaiwa. Duk Bakabe ya san yadda take shigewa laka in fadama ta janye, ta naɗe cikin yauƙinta tana shaƙar iska har damina ta faɗi. Ƴar uwarta mafi kusa tana fadamun Kudancin Amurka, ita ma haka take yi da rani, kuma duka biyun ruwan daɗi kaɗai suke zama. Wannan ya kamata a faɗa wa yaran Argungu da Yawuri.

Don Allah ku gyara a shiri mai zuwa, ku faɗa a fili cewa kuskure aka yi.

Sannan tallan maganin basir da kuke katse shirin da shi ya yi yawa. Ana tsakiyar bayani sai a yanke, in an dawo an manta inda aka tsaya. Ku mayar da shi ƙarshen shiri.

Wassalam.
Mai sauraronku, malamin labarin ƙasa, Argungu, Jihar Kebbi.