Ƙwanji bai san kuɗin abonoma ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum, ina gaishe ku da aiki, ya zafin Yamai, Allah ya kai mu damina lafiya. Malam Edita na karanta rubutun da kuka buga kwanan baya a shafin wasanni kan samarin da ke ɗaga ƙarfe a unguwanni, inda mai rubutun ya ce wai duk mai son ƙwanjinsa ya fito da kyau to ya je sal, wato ɗakin motsa jiki mai injuna, ya biya abonoma, wato kuɗin shiga na wata-wata, ya daina wahalar da kansa da ƙarafan lungu. Maganar ta tsaya mini a rai gaskiya, shi ya sa na ce bari in tofa albarkacin bakina, don shekara 14 ke nan ina cikin wannan harka kuma duka biyun na ɗanɗana.

Ni mai walda ne, a Bukoki nake aiki, amma asalina ɗan Tawa ne. Ƙarfena na farko ba ma ƙarfe ba ne, gwangwanin madara biyu muka cika da siminti muka soka guntun bututun pampo a tsakiya, muka bar shi kwana uku ya bushe. Daga baya da na fara samun ɗan canji na je Katako na tsinto faifan birkin mota guda huɗu na yi musu sanda da hannuna. Abin dariya, mun fi wata shida muna ɗaga abin nan mu biyar, kowa na kukan hannunsa na hagu ya fi gajiya, har wani yana cewa ai hagu dama ragguwa ce, sai ranar da muka ɗora su a sikelin masu sayen tsohon ƙarfe muka ga ashe gefe ɗaya ya fi ɗaya da kilo ɗaya da rabi. To wannan kam laifin ƙarfen lungu ne, ban musa ba. Amma maganinsa sikeli ne, ba jikka 15 duk wata ba.

Abin da mai rubutun bai faɗa ba shi ne yadda shi ƙwanjin yake aiki. Tsokar nan da ake ce wa biseps kai biyu gare ta, duka daga allon kafaɗa suke tasowa, su haɗu su sauko, jijiyar ta kama ƙashi a ƙasan gwiwar hannu kaɗan. Aikinta biyu ne, naɗe hannu, da kuma juya tafin hannu ya kalli sama. Duk wanda ya taɓa ɗaure kusa mai tauri da turnabis da hannun dama ya san wurin da yake jin abin, taɓa ƙwanjinka lokacin za ka ji ya yi tauri kamar dutse. To altar ɗin hannu ɗaya, gajeren ƙarfen nan mai nauyi a gefe biyu wanda wasu ke kira dambel, yana barinka ka yi duka biyun a tafiya guda, ka taso da shi daga gefen cinya kana murɗa hannun a hankali har ƙaramin yatsa ya kalli kafaɗa. Yawancin injunan zama kuwa sun riƙe maka hannu wuri ɗaya, yadda maƙerin ya ga dama haka za ka bi, ko tsintsiyar hannunka na so ko ba ta so. Kuma da altar ɗin nan dai, in ka riƙe shi kamar guduma, sai aikin ya ƙaru kan wata tsoka da ke kwance ƙarƙashin ƙwanjin wadda ita ke turo shi sama, da ta damtsen ƙasa. Ƙarfe ɗaya fa, ba ka tashi daga inda kake ba.

Amma kar a ce na kushe inji kwata-kwata, wallahi ya yi mini rana. Wata shekara na yi wauta, samari sun taru suna zuga ni, na ɗora kilo 50 a sanda ina fizgo shi da ƙugu ina lanƙwasa baya kamar mai jan guga a rijiyar Adar, a na huɗu na ji wani abu ya yi tsam a cikin gwiwar hannuna ta dama. Washegari ko kofin shayi na ɗauka sai na yamutsa fuska, sandar walda ma da ƙyar nake riƙewa, ga aikin ƙofofin mutane na jira. Likita ya ce jijiyar ce ta ji jiki, Allah ya taimake ni ba ta tsinke ba, in huta. Da na dawo bayan kusan wata uku, da puli na fara, injin nan mai igiyar waya, kilo 5 kamar yaro, ina ƙara faranti ɗaya ɗaya, kuma a nan na gane amfaninsa. Shi altar ƙasa kawai yake ja, don haka nauyinsa ya fi cizo a tsakiyar hanya lokacin da damtsen ƙasa, daga gwiwar hannu zuwa tsintsiya, ya miƙe daidai da ƙasa, in ka kai sama kusa da kafaɗa hutawa kake yi ko ba ka sani ba. Puli kuwa tun daga farko har ƙarshe yana janka, babu wurin ɓuya. Wannan matsalar ta altar ce ma wani Ba'amurke mai suna Arthur Jones ya so ya magance da ya fito da injunansa na Nautilus a 1970, ya sa musu wani faifai mai siffar katantanwa da ke canza nauyin gwargwadon inda hannu ya kai. Dabara ce mai kyau. Sabon shiga da bai iya tsayar da jikinsa ba, da mai jinyar rauni, da dattijon da bayansa ba ya son wasa, duk inji zai yi musu amfani.

Sai dai Malam Edita, injin da ke cikin hoton kasida daban, wanda muke samu a nan daban. Da yawansu na hannu ne, an gama cin moriyarsu a Turai kafin su iso mu, kuma ni na san cikinsu fiye da mai rubutun don wurina ake kawo su in sun karye. Injin ƙwanji sharaɗinsa ɗaya ne, gwiwar hannunka ta zo daidai da wurin da ƙarfen ke juyawa, to yaya za a yi in kusar da ke ɗaga kujerar ta ɓata an yi mata walda wuri ɗaya, dogo da gajere kowa a nan zai zauna? Ni dogo ne, akwai sal ɗin da na shiga wata biyu, duk ranar da na hau injinsu sai kafaɗata ta kwana tana ciwo. Ga ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina, ba mai, ba shafawa, igiya ta fara zarewa a naɗe ta da salatif a ce ta yi. Ga layi bayan la'asar, inji ɗaya mutum takwas, wani yaro ya zauna a kai yana ɗaukar kansa bidiyo na TikTok kai kuma jikinka ya gama hucewa kana tsaye. Kuɗin wata uku na irin wannan wurin ya isa ka haɗa ƙarfen da jikanka zai gada.

Ko bencin nan da ake jingina damtse a kai, wanda samari ke rububi, sunan mutum ma yake ɗauke da shi, Larry Scott, wanda ya fara cin gasar masu gina jiki ta Mista Olimpiya a 1965, kuma shi da sanda da altar ya yi suna a kan bencin. Katako ne da soso da ƙafafun ƙarfe, na ƙera guda a yini ɗaya. A kula dai, a kan bencin nan kar a saki nauyi ya faɗo da gudu hannu ya miƙe tsaf, nan ne jijiya ke tsinkewa.

Mu da muka tashi muna kallon kokowa, tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975 har zuwa zamanin su Issaka Issaka na Dosso, mun san hannun da ke riƙe ƙato ya hana shi motsi. Ban ce ƴan kokowar yanzu ba sa shiga sal ba, amma ƙarfin riƙo da ja ake samunsa, ja da jiki duka. Shi ya sa duk yaron da ya zo wurina nake fara rataye shi a ƙarfen da muka gitta, tafin hannu na kallonsa, ya ja kansa sama har haɓa ta wuce. In ya iya goma masu kyau sai mu yi maganar altar. Daga nan sau biyu a sati ya isa, nauyin da zai iya ɗagawa sau 8 zuwa 12 ba tare da ƙugu ya taya shi ba, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, saukewa a hankali, in ya yi sauƙi a ƙara kaɗan. Kuma ina tuna musu naman bayan damtse ya fi ƙwanjin girma, wanda ya manta da shi hannun rigarsa ba zai cika ba ko ya shekara yana naɗe hannu. Sauran kuma tukunya ce da barci, wake, ƙwai, nono, kifin Isa in an samu, har fara ma ba abin rainawa ba ce. Masu allura da ƙwayoyin kumbura jiki kam ba na barin su su taka mini wuri.

Roƙona Malam Edita, ku turo mai rubutun nan ya zo bayan shagona wata ranar Asabar bayan la'asar, ya taho da mitar tela ya auna hannun yaran da ba su taɓa biyan abonoma ba, sannan ya je sal ɗin da ya yaba ya auna na can, abin da ya gani ya buga. Shayi na kaina, kuma faifan birkin nan mun daidaita su tuni, ba zai koma gida da hagu a gajiye ba.

Na gode, a huta lafiya.

Naku,
Wani mai walda, Bukoki, Yamai