Wasiƙa zuwa ga ɗana kan daɓen gareji

Assalamu alaikum, ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya kai da iyali. Na ga saƙonka cewa kana son shafe daɓen garejin gida da na wurin aikinka da abu iri ɗaya don ka huta. Kada ka yi haka. Inda mota ɗaya ke kwana daban, inda ake jan jak, ana ɓarin baƙin mai, ana walda daban.

Fentin daɓe na gwangwani ɗaya ka cire shi a ranka. Taya idan ta dawo da zafi sai ta manne masa, tana hucewa ta ɗago shi, ka wayi gari da tabo huɗu inda motar ta tsaya. Abin da ke riƙewa shi ne ifoksi, wani shafi mai haɗi biyu, wato ƙaro da maganin da ke daskarar da shi. Na gida shafi biyu ya isa, sai dai rana tana mayar da ifoksi rawaya, don haka idan haske na shiga ka ɗora foliyuretan a kai, wato shafin sama mai jure rana. Na wurin aiki ka nemi zalla, wanda aka rubuta kashi 100 a jikinsa, ba mai sirkin ruwa ba. Lita ɗaya tana rufe murabba'in mita 4 a kaurin rubu'in milimita, wato gareji mai murabba'in mita 40 zai ci lita 10 a shafi guda, ka ƙara kaɗan domin kankare na sha.

Amma yawancin daɓen da ka ga ya ɓamɓare, ba laifin ifoksin ba ne, shirin ƙasan ne aka yi wa ha'inci. Sabon kankare sai ya cika kwana 28. Tsoho kuwa ka fara gwada laima: ka yanka leda mai faɗin santimita 45 kowane gefe, ka liƙe bakinta duka da salatif, ka bar ta kwana ɗaya. Idan ka ɗaga ka ga gumi ko wurin ya yi duhu, ka dakata, don laimar da ke tasowa daga ƙasa za ta tayar da ƙuraje ta kware shafin. Sai an sa shafin farko mai tare laima tukuna.

Daga nan ka wanke maiƙo da sabulun cire mai, ka gurje daɓen da inji har ya yi kaushi kamar sanfefa. Wasu da asid suke yi don sauƙi, ni dai ban yarda da shi a wurin aiki ba, ba ya cin mai, ba ya cin tsohon fenti. Ka zuƙe ƙurar tas, ka ɗiga ruwa: in ya nutse, ƙasa ta shirya, in ya tsaya ƙwal-ƙwal, da sauran mai. Tsaga ka cike ta, amma layin da magina suka yanka da gangan ka bar shi, nan kankaren ke motsi.

Ranar shafi ka bi ma'aunin da ke jikin gwangwani, ban da kintace, in ba haka ba zai zauna da danƙo har abada. Ka gauraya minti 3, ka juye a ƙasa nan take, domin a bokiti zafi yake ɗauka ya daskare cikin kamar rabin awa. Zafin gari ya kasance tsakanin digiri 10 da 30. Ka sa safar hannu, ka buɗe ƙofa. Shafi na biyu ya biyo cikin awa 12 zuwa 24, ka watsa yashin silika a kai tun yana ɗanye, saboda ifoksi da mai ya taɓa santsi gare shi.

Kusurwar walda kada ka shafe ta, tartsatsi na ƙona ifoksi. Ruwan silikat, wato maganin da ke shiga cikin kankare ya ƙara masa tauri, ya ishe ta. Man birki da ruwan batir a goge su da sun zuba. Ana iya takawa bayan kwana ɗaya, mota kuwa ta jira mako guda, ko da masu aiki sun ce maka ya bushe.

Ka gaida mutanen gidan. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.