A Leƙo Freedom Park Kafin A Taɓa Kurkukun Kurmawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan aniyar gwamnatin Kano ta mayar da gidan yarin Kurmawa gidan tarihi. Ni Bakano ne, amma yadi nake sayarwa a kasuwar Balogun a tsibirin Legas, kuma daga shagonmu da ƙafa ake zuwa wani tsohon kurkuku da aka riga aka yi wa irin wannan aiki.

Freedom Park ake kiransa, a kan titin Broad. Turawan mulkin mallaka ne suka gina shi a ƙarni na 19, daga baya suka sake shi da bulon da aka ɗauko daga Ingila. A nan aka taɓa tsare Herbert Macaulay, da Awolowo, da Anthony Enahoro. Bayan an rushe shi wurin ya daɗe yana juji, sai da wani mai zanen gine-gine, Theo Lawson, ya dage, aka buɗe shi a 2010 zamanin Gwamna Fashola, lokacin da Najeriya ta cika shekara 50.

Dabarar da suka yi ce ta ɗaure mini kai. Inda ake rataye mutane a da, nan aka kafa babban dandamalin kiɗa da wasan kwaikwayo. An bar tsohuwar katanga, an kuma fitar da ɗakunan fursunoni da ainihin girmansu, ƙuntatattu, in ka shiga ɗaya ka miƙe hannuwa sai jikinka ya yi sanyi. Amma ka fito kawai, ga ƙanshin gasasshen kifi, ga lauya ya kwance laktaye yana hira da mai zane, ga ɗalibai suna bitar wasa a gindin bishiya. Duk shekara kuma ana bikin baje kolin littattafai a ciki.

Ba zan ɓoye ba, ana shan giya a wurin. Wannan ba namu ba ne, ni lemona nake sha in yi gaba. Sai dai kada a fake da giya a ce tsarin ba zai yiwu a Kano ba. Mai shayi da mai tsire da mai fura sun ishe mu riƙe jama'a har dare. Ga marubuta birjik ba su da wurin karanta wa mutane aikinsu sai an kama zauren otal, ga masu kukuma da kalangu sai an yi biki ake tunawa da su, ga marinan Ƙofar Mata da dukawa.

Tsorona kada a jera ankwa da sarƙa a akwatin gilashi, a sa maigadi, a kulle ƙofa da La'asar, ya zama sai 'yan makaranta ke zuwa a kora su layi-layi.

Na san Kurmawa tana maƙwabtaka da fadar Sarki da babban masallaci, saboda haka ba wurin sakin lasifika har Asuba ba ne. A tsayar da kiɗa lokacin salla, a tashi ƙarfe goma. Wanda duk aka ɗora wa aikin, don Allah ya zo Legas ya gani da idonsa, kuma ya bari sai yamma ta yi.

Naku,
Wani mai sayar da yadi,
Balogun, Legas.