Barka da Kirsimeti daga Salzburg

Baba da Mama,

Barkanmu da Kirsimeti. Ina fata kuna lafiya, da su Yaya da yara duka. Ni lafiyata ƙalau, sai dai sanyi, ga rana tana faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu da rabi.

Baba, saboda kai na ɗauki biro yau maimakon in bugo waya. Jiya, jajiberin Kirsimeti, na hau jirgin ƙasa zuwa wani ƙaramin gari, Oberndorf, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. A can aka fara rera waƙar nan ta daren Kirsimeti da kake koya wa 'yan kwaya duk shekara, wadda a nan Ostiriya suke kira Stille Nacht. Ran 24 ga Disamba 1818 ne. Wani matashin fada, Joseph Mohr, ya rubuta baitocinta shida tun 1816, sai ya kai wa mai kaɗa ogan na cocin, Franz Xaver Gruber, ya ce ya sa mata murya. A daren suka rera ta su biyu, Mohr na kaɗa gita. Ogan ma bai yi aiki ba a wannan waƙa!

Cocin na asali babu shi yanzu, ambaliyar kogin Salzach ta lalata shi har aka rushe. Ɗan ɗakin sujada ne a wurin, na 1937, ƙarami ƙwarai. Mu duka a waje muka tsaya, hannu cikin aljihu, numfashi na fita kamar hayaƙi. Da aka ɗauko waƙar, wata tsohuwa kusa da ni ta yi da Jamusanci, ni na bi ta da Hausa a hankali. Ban san lokacin da hawaye ya zubo ba.

Shi Gruber ɗan masaƙa ne, an haife shi 1787. Mahaifinsa saƙa yake so ya gada, don haka a ɓoye ya fara koyon kiɗa wurin malamin ƙauyensu. Ya zama malamin makaranta a Arnsdorf, kuma shi ne mai ogan, shi ne mai kula da coci. A 1835 ya koma Hallein, ya riƙe mawaƙa da ogan har ya rasu a 1863. Waƙar kuwa ta yi ƙafa ta bar shi. Mawaƙan Tirol suka yi ta yawo da ita ƙasa ƙasa, har wasu suka ɗauka ta wani sanannen mai tsara kiɗa ce, Michael Haydn. Sai da aka aiko tambaya daga fadar sarki a Berlin a 1854, sannan ya zauna ya rubuta yadda abin ya faru. Shekara 36 ke nan bayan daren da aka fara rera ta.

Abin ya tsaya mini a rai. Na tuna ka da littafin waƙoƙin nan da bangonsa ya yage, kana maimaita layi ɗaya sau goma har masu bes su kama. Waƙoƙin da ka tsara ana rera su, yara ba su ma san naka ne ba. Don Allah, a sa Auta ta ɗauke ka a waya kana rera su ɗaya bayan ɗaya, ta turo mini kafin sabuwar shekara.

Mama, saƙonki na hanya. A gaida kowa da kowa.

Ɗanku