Wasiƙa: Abin da Ya Same Mu da Muka Ba Indiyawa Kwangilar Manhajar Kula da Naƙasassu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wata al'ada da na ga tana yaɗuwa a tsakanin ƙungiyoyinmu masu hidima ga naƙasassu, wato ɗaukar kwangilar haɗa manhaja a miƙa wa kamfanonin ƙasashen waje. Ni ma'aikaci ne a wata ƙaramar ƙungiya a nan Zariya, wadda ke bibiyar yaran da shan inna ya taɓa da waɗanda suka sami rauni a ƙwaƙwalwa lokacin haihuwa har wuya da gaɓoɓinsu ba sa tsayawa, tare da wasu manya makafi da kurame. Aikinmu shi ne mu san wane yaro ne ranar gashin ƙashinsa ta zo a asibitin koyarwa na Shika, wane ne keken guragunsa ya lalace, wane ne kuma takalmin ƙarfensa ya matse shi saboda ya ƙara girma. Mun shekara muna rubuta wannan a manyan littattafai, damina ta jiƙa wasu, gara ta ci wasu, saboda haka da muka sami tallafi a farkon 2023 muka yanke shawarar mayar da komai cikin waya.

An ba mu shawarar wani kamfani a Indiya, aka ce kuɗinsu bai kai na 'yan Legas ba, kuma sun taɓa yi wa gidajen kula da naƙasassu na Ingila da Ostireliya irin wannan aiki. Wannan magana ta biyu ita ta ja hankalinmu, ita ce kuma daga baya ta zame mana tushen wahala. Ina so in faɗa tun yanzu cewa samarin da suka yi mana aikin ƙwararru ne, masu ladabi, ba su taɓa cin mu da ha'inci ba. Abin da suka sani suka gina mana, abin da suka sani kuwa shi ne kulawa irin ta waɗancan ƙasashe. A Ostireliya, tun daga 2013 gwamnati ta fara tsarin inshorar naƙasassu, inda ake ware wa kowane mutum kasafinsa, ma'aikacin kulawa ya je gidansa ya yi awa biyu ko uku, ya rubuta lokacin shiga da na fita, kamfaninsa ya aika takardar neman biya. Don haka manhajar da suka kawo mana ta ƙware wajen lissafin awoyi da kuɗi. Mu kuwa a nan mai kulawa ita ce uwa, ko kaka, ko yayar yaron da aka cire daga makaranta don ta riƙa goyonsa, ba ta da lokacin tashi daga aiki, ba kuma mai biyan ta ko kwabo.

Ranar da na fara gane girman kuskurenmu, muna wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar Giwa. Wata uwa ta fito mana da ɗanta mai kimanin shekara shida, ta shimfiɗa zane a kan tabarma a zaure ta kwantar da shi, tana tallafe da kansa da tafin hannunta. Abokiyar aikina ta durƙusa ta gaishe ta, ta ciro waya ta fara cike fom. Ta tambaye ta, "Baba, yaushe aka haife shi?" Uwar ta ce da kaka ne, shekarar da aka yi wa mijinta aikin ido. Manhajar ta ƙi wucewa sai an sa rana da wata da shekara. Aka ƙirƙiri 1 ga Janairu, kamar yadda ake yi wa dubban mutanenmu. Sai ta nemi lambar gida da sunan titi da lambar gidan waya, alhali kwatancen gidan shi ne bayan masallacin Juma'a, kusa da mai injin markaɗe. Da aka lallaɓa aka cike wannan ma, aka danna a adana, sai wayar ta yi ta juyi tana neman sabis, domin an gina ta ne a kan cewa intanet ba ya yankewa. Yaron ya gaji ya fara kuka, uwar ta ɗauke shi ta rungume, ta dube mu ta ce, "Ko ku dawo gobe?" Ƙarshenta da biro muka rubuta bayanansa a bayan wata takarda.

Abu na biyu ya fi wannan ciwo a raina, domin laifinmu ne tsantsa. A cikin 'yan kwamitinmu akwai wani dattijo makaho, malamin makaranta ne da ya yi ritaya, yana amfani da wayar Android ta hanyar TalkBack, manhajar da ke karanta wa makaho abin da ke kan fuskar waya. Sai da aka shafe wata biyar ana aiki kafin ya faɗo wa ɗayanmu a rai cewa a ba shi ya gwada. Ya karɓi wayar ya kara ta kusa da kunnensa, yana shafa yatsa daga hagu zuwa dama, muna zaune muna kallo. Duk inda ya taɓa, muryar ba ta faɗar komai sai kalma ɗaya ta Turanci mai nufin madanni, domin ba a laƙaba wa hotunan madannan suna ba. Bai san wanne ne na adanawa ba, wanne ne na gogewa. Ya ajiye wayar a cinyarsa ya ce, "Yarana, wannan ai ta masu ido ce." Akwai ƙa'idojin duniya na sauƙaƙa wa naƙasassu amfani da shafukan intanet da manhajoji, kuma masu aikin sun san su sarai, amma ba mu rubuta su cikin yarjejeniya ba, su kuma ba su yi abin da ba a biya su a kai ba. Ƙungiyar naƙasassu ce ta yi odar kayan da naƙasasshe ba zai iya taɓawa ba, kuma har yau ina jin kunyar wannan.

Hausar da ke ciki ma da na'ura aka fassara ta. An kira mai kula da yaro da kalmar da ke nufin mai gadi. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suna fitowa a wasu wayoyi a matsayin ƙananan akwatuna. Da aka gyara wannan sai wata ta ɓullo, wadda nake so masu irin aikinmu su sani: saƙon tes na yau da kullum yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar harafi mai lanƙwasa ɗaya ya shiga, sai ya koma ɗaukar 70 kacal, saƙo ɗaya ya zama biyu ko uku, kuɗin tunatar da iyaye ranar asibiti ya ninka. Daga baya ma muka lura cewa yawancin iyayen mata ba sa karanta boko, wayar kuma ƙarama ce mai madannai, a hannun maigida take yini. Saƙon murya ya kamata mu nema tun farko.

Tazarar lokaci ta ƙara dagula lamarin. Indiya tana gabanmu da awa huɗu da rabi, wato ƙarfe 9 na safe a Zariya ƙarfe 1:30 na rana ne a wurinsu, kuma kafin mu idar da Azahar sun fara shirin tashi. Safiyar nan kuwa ita ce lokacin da ma'aikatanmu ke asibiti ko ƙauye. Tambayar da za a amsa a minti biyu da muna ɗaki ɗaya sai ta kwana biyu tana yawo a tsakani.

Sai maganar kuɗi. Tallafinmu da naira aka ba mu, kwangilar kuwa da dala aka rubuta ta. Lokacin da muka sa hannu farashin hukuma yana wajen naira 460, na kasuwar bayan fage ya ɗan haura 700. A watan Yunin 2023 aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta wuce naira 1,500. Kason ƙarshe na biyan ya cinye kuɗin da muka ware don gyaran kekuna, ga kuma hayar rumbun adana bayanai da ake biya kowane wata, ita ma da dala. Duk ƙungiyar da za ta shiga irin wannan ciniki ta yi lissafi da mafi munin farashin da za ta iya zato, ta kuma tambayi abin da riƙe manhajar zai ci a shekara ta biyu da ta uku, lokacin da mai tallafi ya riga ya tafi.

Amma abin da ya fi tsorata ni, Malam Edita, shi ne ranar da na tambayi kaina a hannun wa bayanan yaranmu suke. Sunayensu, hotunan gaɓoɓinsu, bayanin likita, lambobin iyayensu, duk suna cikin wani rumbu da aka buɗe da sunan kamfanin, lambar sirrinsa tana wurinsu, asalin rubutun manhajar ma yana wurinsu. Da sun rufe kamfani ko mun saɓa, da mun wayi gari ba mu da komai. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta sanya bayanin lafiyar mutum cikin masu buƙatar tsaro na musamman, ta kuma gindaya sharuɗɗa a kan fitar da bayanan mutane zuwa wata ƙasa, kuma nauyin yana kan ƙungiyar da ta tattara su. Ko da babu doka, wannan amana ce. A garinmu har yanzu akwai gidajen da ke ɓoye yaro mai lalura a ɗaki don gudun bakin mutane, akwai waɗanda ke tsoron a san da shi kada a ƙi auren 'yan'uwansa mata. Uwar da ta yarda ta buɗe mana zanen ɗanta muka ɗauki hoto, ba ta yi haka don hoton ya tafi inda mu kanmu ba mu sani ba.

Abin da ya ceto aikin yana nan kusa da mu tun farko, ba mu duba ba. Muka ɗauki matasa biyu, namiji da mace, da suka gama karatun kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello, ɗaya daga Samaru ɗaya daga Tudun Wada. Muka ce kafin su taɓa komai su bi ma'aikatanmu ƙauye na mako biyu. Su ne suka zama tsani a tsakaninmu da Indiyawan, suna jin abin da uwa ta faɗa a zaure, su mayar da shi yaren da mai haɗa manhaja ke fahimta. A cikin 'yan watanni fom ɗin ya koma karɓar kimanin shekaru da kwatancen gida, ya koma adana bayani a cikin waya har sai an sami sabis, aka kuma rage masa nauyi don ya yi aiki a ƙananan Tecno da Itel da ma'aikatanmu ke riƙewa. Dattijon nan makaho muka mayar da shi mai gwaji, ana biyan sa, kuma ba a karɓar wani sabon sashe sai ya bi shi da kunne ya ce ya gamsu. Muka sake zama a kan yarjejeniya, rumbun bayanai da asalin rubutun suka dawo da sunan ƙungiya. Indiyawan da kansu sun ce aikin ya fi musu sauƙi, domin sun daina zato sun koma jin bayani. Da ɗan gari akan ci gari, kuma na tabbata da mun fara da haka da rabin kuɗin ya ishe mu.

Ba ina cewa kada a ba baƙi aiki ba ne. Akwai fannonin da suka fi mu gogewa, musamman tsaron bayanai da gina abin da zai ɗauki mutane masu yawa ba tare da ya durƙushe ba. Abin da nake ƙi shi ne a tura musu takarda mai shafi goma a zauna ana jiran abin al'ajabi, babu naƙasasshe ko ɗaya a teburin shawara, babu ɗan gida mai ilimin da zai karɓi aikin idan sun tafi. Dokar Hana Nuna Wa Naƙasassu Bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai iya shiga, wa'adin ya cika a 2024. Yanzu kuwa rajista da neman tallafi da layin ganin likita suna komawa cikin waya, kuma manhajar da makaho ba zai iya bi ba daidai take da bene marar gangara ga gurgu.

Saboda haka ina kira ga Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa da ta fitar da samfurin yarjejeniya mai sauƙi, da Hausa da Turanci, wanda ƙananan ƙungiyoyi irin tamu da ba su da lauya za su riƙa dubawa kafin su sa hannu da kamfanin gida ko na waje. Masu ba da tallafi kuma su daina ƙin biyan albashin ɗan gida mai kula da manhaja da hujjar cewa kuɗin gudanarwa ne. Ina kuma roƙon sashen kwamfuta na Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Nuhu Bamalli su riƙa tura ɗalibansu koyon aiki a irin ƙungiyoyinmu, su zauna da sarkin makafi da sarkin guragu da jama'arsu su ji bukatunsu daga bakinsu. Mu a namu ɓangaren saura kurame, domin har yanzu babu bidiyon maganar hannu ko ɗaya a cikin manhajar, kuma mun yanke cewa a nan Zariya za a ɗauke shi, da kuramen garin nan, bayan an gama girbi.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Tudun Wada, Zariya.