Rabin awar da muka karɓo daga hannun waya

Mabera, Sakkwato.

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya karatu, ya zaman Ingila? Mu nan Afrilu ta iso da zafin nan da ka sani, ma'auni yana haura 40 da rana, kowa ya fito da tabarmarsa tsakar gida, nan muke kwana. Hajiya tana gaishe ka ƙwarai.

Saƙonka na makon jiya ya tsaya mini a rai, inda ka ce kana zaune ɗaki ɗaya da yaranka, ka yi magana sau uku ba wanda ya ɗago kai daga waya. Na ƙi amsa maka da saƙon murya, na ce sai na zauna na rubuta, domin abin da ya same ka ya riga ya same ni.

Bara war haka, da an sallame isha'i gidanmu sai ya yi tsit. Ni ina Facebook, maman yara tana rukunin WhatsApp na danginsu, babban yarona yana kallon ƙwallo, ƙannensa sun rufu a kansa. Hajiya kaɗai ke zaune da carbi tana kallonmu. Wani dare ta ce, "Wai ku mi kuka gani cikin abin ga da babu shi ga fuskar ɗiyanku?" Ban samu amsa ba. Washegari na buɗe wurin nan na cikin wayar Android da ake kira Digital Wellbeing, wanda ke ƙirga lokacin da mutum ya ɓata a kan waya (ta iPhone ma tana da irinsa, Screen Time, tun 2018). Na duba ta yaron da niyyar yi masa faɗa, na ga awa 6. Na duba tawa, na ga ta fi tasa. Daga ranar na san gyaran daga kaina zai fara.

Ban ƙwace wayar kowa ba. Wanda aka ƙwace wa abu, ɓoyewa yake koyo. Abin da muka yi shi ne, muka sa wa wayoyin yara Family Link na Google, ƙarfe tara na dare su kulle da kansu, ni ma na sa wa tawa iyaka a gabansu. 'Yar autarmu kuwa, mai shekara 3, muka bi shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, cewa yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 kada zamansa gaban waya ko talabijin ya wuce awa ɗaya a yini, wanda bai kai shekara biyu ba kuma a raba shi da su.

Sai dai kulle waya bai cika dare ba. Kwana biyu muka yi muna kallon juna, yara suna ƙunƙuni. Maman yara ce ta kawo mafita, kuma a cikin wayar ta samo ta. Ta ga bidiyon wani salon zane da ake kira Zentangle, wanda wasu mutum biyu a Amurka, Rick Roberts da Maria Thomas, suka tsara. Takarda ce ƙarama mai kusurwa huɗu, kamar santimita 9 kowane gefe. Ka ɗiga ɗigo a kusurwoyin, ka haɗa su da layi, ka raba cikin gida-gida, sannan ka cika kowane gida da zane iri ɗaya mai maimaituwa, a hankali, kana lura da hannunka da numfashinka. Ba a gogewa. In layi ya karkace, sai ka gina wani abu a kansa.

Ka san abin da ya fi taɓa ni? Da muka nuna wa Hajiya bidiyon, ta matso da fitila ta duba, sai ta ce, "Wanga ai zanen ƙwarya na." Ta karɓi biro. Wallahi ban taɓa ganin Hajiya ta riƙe biro don zane ba, amma hannunta bai yi gardama ba. Ta ja layi biyu, ta cika tsakaninsu da ƙananan kusurwoyi uku-uku, ɗaya baƙi ɗaya fari, irin waɗanda ke bakin ƙwaryar furarta. Tana yi tana ba yara labarin ƙoren da aka jera mata a ɗaki ranar da aka kawo ta, labarin da ni ɗanta ban taɓa ji ba. A daren na gane ba baƙon abu muka ɗauko ba. Dagi, aska takwas ta babbar riga, zayyanar allon mai sauka, adon da dukawa ke yi wa fatar jar akuyarmu, lallen amare, duk aiki ne na hannu mai natsuwa da maimaici, kuma babu siffar mai rai a cikinsa balle wani ya yi ɗar-ɗar.

Yanzu ga yadda muke yi. Bayan isha'i da tuwo, a shimfiɗa babbar tabarma, a ajiye fitila mai caji a tsakiya tunda wuta ba ta da tabbas. Wayoyi su shiga faranti guda, a kife su, a bar ɗaya tak, ita ce ke ƙirga mana minti 30. Takarda kuwa ragowar littattafan makarantar yara ce muke yankawa, biro na shagon bakin layi. Doka biyu ce: ba a cewa na wane ya fi kyau, ba a kuma yi wa kowa gyara. Ta biyun ta fi yi mini wuya, don hannuna yakan so kai wa takardar ƙananan.

Babban yarona ya shiga shekara 15, ka san shekarun, tambaya goma amsa ɗaya. A mako na uku, kansa a sunkuye yana cika wani gida da ɗigo-ɗigo, ba tare da kowa ya tambaye shi ba ya ce akwai yaran da ke tare shi a hanyar makaranta suna karɓe masa kuɗin tara, wata biyu ke nan. Na ji jikina ya yi sanyi. Ban ajiye biro ba, na ci gaba da zane ina saurarensa har ya kai aya. Na tabbata da na zaunar da shi na kafe shi da ido, da bai faɗa ba. Mun kashe maganar da safe, ni da iyayen yaran. Barcinsa ma ya daidaita tunda wayar ta daina kwana ƙarƙashin matashinsa. Ba na ce maka zane magani ba ne. Da na ga damuwarsa ta ƙi sauka, da likita za mu gani. Amma shi ya buɗe mana bakin yaron.

Akwai daren da ba mu yi, in an yi baƙi ko gajiya ta yi yawa, ba ma kuma ɗaukarsa laifi. Ranar Asabar kuwa wayar tana samun wani aikin: ƙanwata da ke Kaduna takan kira ta bidiyo, yaranta su zana nasu can, namu su zana nan, a ƙarshe kowa ya ɗaga wa kyamara takardarsa. Na ɗauki hoton duk abin da Hajiya ta zana, ina kuma naɗar muryarta in ta fara ba da labari, na ware musu wuri guda a waya.

To ga roƙona. Tunda kun matsa agogonku gaba a ƙarshen Maris, lokacinmu ɗaya yanzu har Oktoba. Asabar mai zuwa ƙarfe takwas da rabi na dare zan kira ka. Ka yanka takardu, ka tanadi biro, kuma ka fara sa taka wayar a faranti kafin ka nemi tasu. Hajiya ta ce ita za ta koya wa 'yarka dagi, ta kuma ce a tambaye ka ko yarinyar tana jin Hausa sosai, don ba za ta yi mata da wani harshe ba.

Ka gaishe mini da uwargida, ka shafa kan yara.

Naka amini,
daga Sakkwato.