Amsa ga Alhajin da ya ce mini "da ɗanki ne fa?"

Assalamu alaikum, Alhaji, ranka ya daɗe.

Na ji tambayar da ka jefo mini a rediyo ranar Asabar, daidai lokacin da shirin ya ƙare: wai da ɗana ne a gadon tiyata, zan yarda a zura masa ƙarfen da ya fito daga bakin ɗan wani? Ka ƙara da cewa ƙyuya ce ta hana mu masu sa barci komawa ga harshen roba na na'urar leƙa maƙogwaro, wanda ake yarwa bayan aiki ɗaya.

Zancen ƙyuya na bar ka da shi. Daga Tudun Wada har Samaru an san aikina. Maganar ɗana ce ta tsaya mini a rai. To, an riga an yi. Autana yana wata bakwai aka yi masa tiyata, kuma da harshen ƙarfe samfurin Miller (sunan likitan da ya ƙirƙiro shi) mai lamba 1 aka sa masa bututun numfashi, bayan an wanke harshen an dafa a tukunyar turiri mai zafin digiri 134. Ni da bakina na zaɓa.

Ka taɓa leƙa bakin jariri a sume? Harshe ya cika wurin, murfin maƙogwaro dogo ne mai laushi, sai an ɗago shi da miƙaƙƙen ƙarfe irin wanda Miller ya fito da shi tun 1941. Ga jikin yana shan oksijin ninkin na babba, gwargwadon nauyinsa. Jinkiri kaɗan, leɓe ya sauya launi. A irin wannan daƙiƙar na roba ya taɓa lanƙwashewa a hannuna, ban ga komai ba sai da aka miƙo na ƙarfe. Allah ya tsare, amma ban manta ba.

Gaskiyarka a wuri ɗaya: yawan dafawa na dusashe hasken fitilar, kuma akwai na yarwa na ƙarfe masu inganci. Ingila ta rungumi na yarwa ne har da tsoron cutar haukan shanu, wadda turiri bai cika kashe ta ba.

Amma nan Zariya ce. Me ka taɓa gani an yar? Uwar da ta taso daga Soba, aka miƙa mata takardar sayo safar hannu, ruwan gishiri da zare, ita za a ƙara wa kuɗin harshe? Na ga inda aka ɗauraye na roba a ruwan Jik aka mayar bakin wani yaro, domin ba ya jure tukunya. Wannan ne ya kamata ya tayar maka da hankali, shi da ranakun da tukunyar ke kwana a sanyaye saboda ba wuta, ba man janareta.

Abin mamaki, ka manta ka gaya wa masu sauraro wanda ya cika shagonsa na Sabon Gari da katan-katan ɗin nan na roba. Mantuwa ce, na sani.

Ranar Litinin muna da yara huɗu. Idan tausayin na gaske ne, turo katan ɗaya na ƙarfe, lamba 0 da 1, sadaka, da jarkar dizal.

Wassalam,
Ma'aikaciyar sa barcin tiyata, Zariya